Abin da Na Faɗa a kan Ɗan Farina a Ikko

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Kano, ni da babban ɗana. Ya ci jarrabawar wata kwalejin kuɗi a Ikko wadda sunanta ya cika ƙasa, daga ita sai jami'a. Saura ganawa da shugabanta kawai, shi da mahaifinsa.

Jirgi ya yi ta jan ciki kamar mai ciwon baya. A Jebba muka ci soyayyen kifi, ni ina mitar yadda kuɗin fetur ya sa komai ya yi tsada, shi kuwa kansa na cikin littafi.

A Agege muka sauka wurin wani dillalin goro, haifaffen can, wanda Hausarsa rabi Yarbanci ce. Ya cika mu da amala da miyar ewedu, sannan ya ja ni gefe.

"Oga, gurbin bai fi aji guda ba, masu nema kuwa kamar kasuwar shanu. Gobe ka buɗe baki sosai o."

Na ɗauka surutun 'yan Ikko ne.

Washegari motar hayar da suke kira danfo ta kai mu kwalejin a wajen Ogba, muka tarar da motoci reras a bakin ƙofa. Wani Bayarabe da ke gabanmu ya yi ta koɗa ɗansa har ana jiyo shi daga waje. Na ce a raina, wannan bai san kunya ba.

Da layi ya zo kanmu, shugaban ya duba sakamakon yaron, ya gyaɗa kai. Sai ya ce da tafinta a tambaye ni wane irin yaro ne. To, ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in yabe shi yana zaune. Na sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ba wani abin kirki gare shi ba. Sai dai ku yi ta haƙuri da shi."

A Kano duk wanda ya ji wannan ya san uba na alfahari ne. Tafinta ya juya maganar yadda na faɗe ta, bai rage ko wasali ba. Shugaban ya dube ni, ya dubi yaron, ya rufe fayil. Da aka kafe sunaye babu namu.

A hanyar dawowa yaron bai buɗe littafi ba. Mun wuce Minna ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, abin da ka gaya musu, haka kake gani na?"

Na leƙa taga, na kira mai rake na saya masa.

Mun iso gida lafiya, amma raina a ɓace yake. Na koyi cewa kunyar gidanmu ba kowane gari ake jin yarenta ba, kuma ba ni na biya kuɗin darasin ba. Ku da ba ku san shi ba, ina gaya muku: ban taɓa ganin yaro mai kai da natsuwa irin nasa ba. Shi ne dai har yau na kasa gaya wa.