Mai Kwat a Gaban Injin Gurza Takardu

Injin gurza takardu ɗaya ne tak a ofishin ilimi na Dutsin-Ma, har makarantun Kurfi nan suke kawo aikinsu. Makullin yana hannun akawu, Malam Sada. Duk abin da injin ya fitar shi za a tambaya, ga shi kuwa zamanin soja ne.

Yau wani dogon mutum ne tsaye a gaban injin, sanye da kwat duk da zafin nan, takalminsa fes kamar bai biyo hanyar Kurfi ba. Ya ce sunansa Yunana, hedimasta ne ya aiko shi daga Kurfi da sitansil, wato takardar da ake buga rubutu a kanta a ɗaura wa injin.

"Malam Yunana, kawo in ɗaura maka sitansil ɗin."

"A'a, ranka ya daɗe, kada tawada ta ɓata maka riga."

Yana juya hannun injin, kafaɗarsa na kare takardun daga idon Malam Sada. Malamin makaranta ne, amma ba ɗigon alli a yatsunsa? Jarrabawa ce, ko takardar koke? Waɗanda suka lalace ma aljihu yake cusa su, ba kwando ba.

Malam Sada yana da dabararsa. In an cire sitansil aka tura farar takarda, takan fito da inuwar rubutun. Fitar baƙon kawai yake jira.

Sai mutumin ya cire sitansil, ya zaro farar takarda daga kwat ɗinsa, ya gurza, ya ninke, ya bi injin da hankici.

"Na goge maka shi tas, Malam," in ji shi, yana murmushi.