Mis Odessa, Wadda Ta Kai Babana Rumfar Zaɓe

Ranar Talata, tara ga Satumba, fasto ya bugo waya ya ce Mis Odessa Tarver ta rasu. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, Mis Odessa. Ranar da kika fara zuwa gidanmu neman babana, ƙarya na yi miki da na ce ba ya nan. Kunya nake ji. A makaranta ma cewa nake yi direban babbar mota ne a Texas.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a kurkuku kan ƙwayar da ba ta cika tafin hannu ba. Ɗan mai kamfanin katako, farar fata, da aka kama da irinta, asibiti aka kai shi. Ke kika gaya mini haka daga baya, kina ɓare dafaffiyar gyaɗa a barandarmu.

Ranar ba ki tafi ba. Kika leƙa ta taga kika ce, "Lamont Pettway, ga ƙafafunka nan ina gani! Ni da na goya ka, ni za ka ɓuyar wa?"

Ya ce, "Mis Odessa, irina da suka yi kurkuku ba sa zaɓe."

"In ji wa? Sa takalminka."

Kika samo masa takardar da ta maido masa da 'yancin zaɓe. Sai aka ce sai da katin shaida mai hoto. Ofishin katin yana da nisan mil arba'in, ranar Laraba kawai ake buɗe shi, kuma bas ba ta zuwa. Sau uku kika kai shi a tsohuwar motarki. Zuwan farko suka ce takardar haihuwa. Na biyu suka ce shaidar adireshi, mutumin da ko takardar wuta babu sunansa. Na uku kika tafi da kujerarki da soyayyiyar kaza, kika ce nan za ki yini. Ranar suka ba shi katin.

Ranar zaɓe kwat ɗin coci ya sa. Da ya dawo ya manna ɗan tambarin "Na yi zaɓe" a cikin Littafi Mai Tsarki na kakata, ƙarƙashin sunayenmu. Ban taɓa ce miki na gode ba. Na gode.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutu. Ya ba 'yarki Vernell da jikokinki haƙuri.

Teburin rajistar masu zaɓe da kike zama a ƙofar coci ranar Asabar yana nan babu kowa. Ban iya magana da mutane ba, amma na iya karanta takarda. Na riga na sa biro biyu a jakata. Duk wanda ya tambayi 'yar wace ce ni, zan ce 'yar Lamont Pettway.