Furen da Ya Ƙi Taki

Baba Baƙo maƙwabcinmu ne a wani ƙauye kusa da Shanono. Shekara arba'in yana noman dawa da gyaɗa, da rani kuma ya sauka madatsar ruwan Watari noman albasa. Ba a taɓa jin shuka ta mutu a hannunsa ba.

Bara 'yarsa Charity, mai aikin jinya a Kalaba, ta kawo wani fure wai shi okid a 'yar tukunya. Ta ce, "Baba, amana na bar maka. Da Kirsimeti zan zo in duba shi."

Da ta tafi ya leƙa tukunyar, sai ya ga babu ƙasa, ɓawon itace ne kawai da gawayi. Tausayi ya kama shi. Ya zubar da su, ya zuba ƙasa da kashin awaki, ya shiga ban ruwa safe da yamma kamar tumatir.

Cikin wata biyu ganyen ya yi rawaya ya langaɓe, wasu fararen ƙwari masu kama da auduga suka cika gindinsa.

Matarsa Goggo ta ce, "Sarkin noma, tukunya ɗaya ta gagare ka?"

"Ke dai ji da tuwonki."

Washegari ya tsayar da ni a bakin rijiya, ya yi ƙasa da murya. "Humaira, tambayar mini wayar nan taki game da furen nan. Amma kada Charity ta ji."

Na duba, na faɗa masa cewa furen a jikin bishiya yake rayuwa, saiwarsa iska take so. Sai ya ce, "Au! Ashe ɗan'uwan kauci ne."

Daga nan bai sake tambayar kowa ba. Ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyin da reza, ya wanke ganyen da ruwan darbejiya da sabulun salo. Kwana goma yana tsince ƙwarin da tsinken tsintsiya. Ya huda tsohuwar ƙwarya, ya sa gawayi, ya rataye furen a inuwar mangwaro.

Da Kirsimeti Charity ta zo ta tarar da sababbin ganye biyu da koriyar saiwa. Ta tafa hannu.

"Baba, nawa na Kalaba duk sun mutu! Bari in koma da wannan."

"Ki koma da wa? Ba inda za shi. In kina son ganinsa, ki riƙa zuwa gida."