Allurar mafitsara da tsoron da ya kusa hana ni ganin Inna

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya same ni na ɗan haura shekara arba'in, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Adjamé. A unguwar Treichville, can nesa da ƙasar Hausa, aka haife ni, can na yi makaranta, amma iyayena mutanen Nijar ne, kuma bayan rasuwar Baba sai Inna ta koma Maraɗi cikin danginta. Ni mace ce mai kazar-kazar, ba a biki ko suna a unguwa ba tare da ni ba. Sai ga wata lalura ta zo ta zaunar da ni, wadda ko sunanta nake jin nauyin faɗi: fitsari. In ya taso ba ya jira, kuma kafin in gama wannan wani ya taso. Alwala ba ta zama. Na rage shan ruwa har leɓɓana suka riƙa tsagewa. Ranar da ba zan manta ba, muna cikin gbaka, irin ƙananan motocin hayarmu, cunkoso ya tsare mu a Indénié, fitsari ya kufce mini a kan kujera. Na sauka a tsakiyar titi na ɗaura mayafi a ƙugu, ina tafe ina kuka.

Na sha saiwoyi iri-iri daga wajen wata tsohuwa a Bromakoté, ba sauƙi. Ƙanwata ce ta gane halin da nake ciki, ta ja ni wurin wani likitan mafitsara a Treichville. Ya ce mafitsarata ce ke matsewa tun ba ta cika ba. Ya ba ni ƙwayoyi, suka busar mini da baki, amma ciwo na nan. Daga baya ya kawo shawarar allura: za a zura siririn bututu mai fitila ta hanyar fitsari, a tsira magani a bangon mafitsara don ta lafa, in koma gida a ranar. Na amince ban tambayi komai ba, don kunya ta cika ni. Da aka kwantar da ni jikina ya sandare kamar icce. Kowace tsira sai na ji ta har ƙoƙon kaina, amma na ciji mayafi na yi gum, saboda an raine mu a kan cewa babbar mace ba ta raki. Aikin ya yi kyau, na samu watanni ina walwala. Amma da ƙarfin maganin ya ƙare, kamar yadda likitan ya faɗa tun farko, sai na rantse gara in zauna da ciwona da in sake hawa gadon nan.

Ina cikin wannan hali aka bugo waya daga Maraɗi cewa Inna ba lafiya, kuma sunana take ta kira. A wancan lokacin ƙasar da muke zaune a rabe take saboda yaƙi, motar da ta tashi daga babbar tashar Adjamé sai ta yi kwanaki a hanya, ga shingaye, ga direban da ba zai tsaya don mutum ɗaya ba. Na san ba zan iya ba. Ƙanwata ta zauna a gefen tabarmata, ta ce: “Yaya, in kika bari Inna ta tafi ba ki gan ta ba saboda tsoron allura, wannan zafin ba shi da magani.” Washegari muka koma asibiti.

Wannan karon na buɗe baki, na gaya wa likitan duk azabar da na sha. Ya ba ni haƙuri, ya ce da ya ga ban motsa ba ya ɗauka lafiya lau nake. Wata nas, dattijuwa 'yar ƙabilar Jula, ta karɓe ni. Ta zuba mini maganin kashe zafi a cikin mafitsara, ta bar ni na daɗe a kwance har ya kama sosai, tana ja na da hirar tsadar leshi. Ta ce, da irin kiran girmamawar da ake yi wa mata a garinmu: “Tanti, jikinki ne. In kin ji zafi ki ɗaga hannu, za mu tsaya.” Aka bar ƙanwata ta zauna wajen kaina tana riƙe da ni, nas tana nuna mini yadda zan ja numfashi in sake shi a hankali, likita kuma yana sanar da ni kafin kowace tsira. Sau ɗaya na ɗaga hannu, kuma suka tsaya. Ba zan ce ban ji komai ba, amma bai wuce cizon cinnaka ba. Har sai da na tambaya ko da sauran aiki da yawa, ashe an kusa gamawa.

Da maganin ya zauna a jikina, likita ya duba ya ga ina fitsari ba matsala, na hau mota. Na iske Inna da rai, ta shafa fuskata tana yi mini faɗan ramewa. Allah Ya ba ta sauƙi, muka yi azumi tare.

'Yan'uwana mata, da ma maza, wannan lalura ba abin kunya ba ce, kuma ba kowa ne zai buƙaci allura ba, likita ne zai duba ya faɗa. Amma in ta kai ga haka, ku tambayi abin da za a yi muku don rage zafi tun kafin ku kwanta, ku tafi da wanda hankalinku ya kwanta da shi. Likita ba ya ganin abin da ke cikin jikin mutum sai an faɗa masa. Ni na ɗauka shiru jarumta ce, ashe magana ɗaya ce ta raba ni da wahala. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.