Baban da ya hau babur ɗin 'yan laima

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, na ɗauko mahaifina daga Kumasi ya zo ya huta a wurina a Pleasant Garden, can Amurka. Ni a ganina gata na yi masa. Ashe kurkuku na kawo shi. Mutumin da ya tsufa yana gyaran babura a zango, kullum cikin hayaniya da baƙin mai, sai ga shi a unguwar da ko mai tafiya a ƙasa ba ka gani. In na tafi aiki na bar shi a bakin taga, in na dawo nan zan same shi. Abinci ma sai ya tsakura ya ture.

"'Yata, ki mai da ni gida," ya ce mini wata rana. "Nan ko sallama babu mai yi maka."

Ran nan na dawo ban gan shi ba. Hankalina ya tashi, na fito ko mayafi babu. Sai na hango shi a garejin maƙwabcinmu, wani tsohon Bature, sun durƙusa gaban wani ɗan babur da bai wuce gwiwata da yawa ba. Na ɗauka na yara ne.

Tsohon ya ce a'a, na yaƙi ne. Turawan Ingila suka ƙera irinsa a yaƙin duniya na biyu, don sojojin da ke dirowa daga jirgin sama. A naɗe kan, a danne sirdin, a zura shi cikin doguwar gwangwani a jefo da laima. Soja na dira sai ya buɗe, ya tura, ya haye. Bayan yaƙi aka kawo ragowar Amurka, mahaifinsa ya sayi wannan, kuma tun shi tsohon yana saurayi rabon da babur ɗin ya tashi.

Na fassara wa Baba. Ya shafa tankin ya ce, "Faɗa masa bai mutu ba. Barci yake."

Daga ranar ba su sake neman tafinta ba. Turancin Baba bai taka kara ya karya ba, tsohon kuma ko "sannu" bai iya ba, amma sai su wuni suna miƙa wa juna sifana. Baba ya koma cin tuwo har da ƙari.

Ranar da babur ɗin ya tashi ina wanke-wanke. Na leƙo sai ga Baba a kai, da doguwar riga, gwiwoyinsa sun kusa kunnensa, tsohon na turo shi yana haki. Injin ya yi tari, ya kama. Ni kuwa na bi shi a guje da kumfa a hannu ina ihu, "Baba, za ka faɗi!" Ko waiwaye bai yi ba. Dariya yake, irin wadda rabona da ji tun Mama na raye.

Duk da haka ya koma Kumasi da bizarsa ta ƙare, can kuma Allah ya yi masa rasuwa. Tsohon ma 'ya'yansa sun ɗauke shi, an sayar da gidan.

Da na sani da na ajiye kwanonin nan na tsaya na kalle shi sosai. Sau ɗaya ya yi wannan hawan, ni kuma tsoro ya cinye mini rabinsa. Allah ya jiƙan Baba.