Tandar A'i Mai Masa

A unguwar Wunti in ka ce masar A'i, ba sai ka yi kwatance ba, kowane ɗan keke zai kai ka. Tun tana budurwa take suya a ƙofar gida, da wata tandar ƙasa da ta gada wurin mahaifiyarta. Tandar ta yi baƙi ƙirin, ta sha mai shekara da shekaru har masa ba ta kama ta. Ko 'yar cikinta A'i ba ta bari ta taɓa.

Aibinta ɗaya, ta tsani tambaya. Ka tambaye ta abu sau biyu, ta haɗe rai kamar ka ci bashinta.

Da ciniki ya bunƙasa ta kama shago, sai ƙaninta Abdulsalam ya ce ta nemi mai ba da shawara kan kasuwanci. Ya kawo mata mutum biyu ta zaɓa.

Ta farko Dorcas ce. Ta wuni a kan benci tana tambaya: yaushe ake jiƙa shinkafa, su wa ke saye da safe, me ya sa ake lallaɓa tandar nan haka.

"Yaya, ki ɗauki wannan," in ji Abdulsalam.

"Ni zan biya ta, ni kuma zan koya mata? Wanda ya sani ai ba ya tambaya."

Na biyu Mansir. Ya zo da kwat cikin tsakar rana, ya leƙa shagon sau ɗaya, ya zuba Turanci, bai tambayi komai ba. A'i ta ce ga masani. Ta damƙa masa makulli, ta ce ya gyara yadda ya ga dama, ta tafi biki Azare hankali kwance.

Ranar da ta dawo, shago sai ƙyalli yake: sabon fenti, murhun gas, tandar ƙarfe sabuwa fil. Ta duba lungun da take ajiye tata tandar, wayam. Ta dawo bakin ƙofa, inda Zakka magini ke tattara kayan aikinsa.

"Malam Zakka, ina tandata?"

"Hajiya, oga ya ce duk tsohon tarkace a fasa a yi ciko da shi."

"Ciko a ina?"

Zakka ya dubi ƙafarta. "Nan dakalin ƙofa. A kai kike tsaye."

A'i ta ja da baya kamar ta taka garwashi.

Mansir ya iso da fara'arsa. Da ya ji abin da ya faru shi ma ya kaɗu. "Hajiya, wallahi ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta fasa. Yaron gaskiya ya faɗa, kuma ita ta zaɓe shi.

Har yau ana sayen masar A'i. Amma ita ba ta taɓa taka dakalin nan ba, ta ƙofar baya take shiga shagonta.