Ranar da Baba Labbo Ya Kwantar da Birki

Duk direbobin Gusau babu wanda ya kai Lukuman nawar sauka daga mota. Wani direban da ya kashe inji sai ya diro kamar wanda kunama ta harba. Shi kuwa sai ya zauna yana laluben ƙarafa: ya danne birkin ƙafa, ya ja na hannu har haƙoransa su ciza, ya saka giya, ya murɗa sitiyari tayoyin gaba su dubi gefen hanya. Kafin ya gama, mai shayi ya sallami mutum uku. Maƙwabta suka laƙaba masa Mai-turke, wai motar ma ɗaure ta yake yi kamar akuya. Ya tsufa yana jigilar dawa da waken suya tsakanin Tsafe da Gusau a wata a-kori-kura da ƙofarta ba ta buɗuwa sai an gaishe ta da kafaɗa.

Wata damina aka yi haihuwa a dangin matarsa Wasila, can Karakkai. Ya loda matan gida a baya da tukwanensu, Wasila da tsohon ciki a kan buhu. A gaba kuwa, kamar yadda aka saba, mutum biyu kujera ɗaya: surukinsa Baba Labbo a tsakiya, wani ɗan'uwan tsohon a bakin taga.

Sun bar kwalta bayan Bungudu, suka tarar da rafi ya cika yana tumbatsa. Dole a jira ruwa ya janye. Lukuman ya tsaya a kan gangara, hancin mota na kallon ruwa, ya yi ɗaure-ɗaurensa, maza suka sauka sallar la'asar. Baba Labbo mai ciwon gwiwa ya ce shi a zaune zai yi tasa.

To, ƙarfen birkin hannu ya tokare masa cinya. Tsohon da ya ƙare rayuwarsa tsakanin garma da shanun huɗa, ina ruwansa da amfanin wani ƙarfe? Ya laluba, ya ɗan ɗaga, ya danna kan, abu ya kwanta luf. Ya ji daɗi, ya kabbara.

Lukuman yana ruku'u ya ji motar ta yi nishi. Sautin da ya fi tsoro a duniya ke nan. Ta gusa da nauyin mata da kaya, giya tana riƙe ta tana gurnani, mata suka ɗauki salati. Sai tayoyin gaba suka bi inda aka juya su, suka kai ta jikin tudun gefen hanya, ta dafa shi a hankali, ta tsaya cik. Wata babbar tukunya ce kawai ta faɗo, ta gangara, ta faɗa rafi. Kowa ya zuba mata ido har ruwa ya juya ta ya shanye.

Lukuman ya ida sallarsa. An dai ce tahiyar ta yi gajarta ƙwarai.

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, don suruki ba a yi masa faɗa ko da ya kusa kai gida lahira.

"Baba, ƙarhen ga ya dame ku?"

"Ya dame ni hwa. Mi an amfaninshi, in ba sukar mutane ba?"

"A yi haƙuri, Baba. Ku dawo bakin taga, ya hi iska."

Ya ja birkin da hannu biyu, sannan ya zagaya baya. Wasila na riƙe da cikinta, idonta na kan ruwa.

"Malam," ta ce a hankali, "da mu ma tukunyar nan za mu bi?"

Ya miƙa mata hannu, ya sauko da ita, ya zaunar da ita a kan tudu, nesa da ruwa.